Manhajar Moodle ta waya: abin da ta yi wa ɗalibaina a zangon kulle, da abin da ya fi ƙarfinta

Na yi shekara shida ina koyarwa a jami'a ban taɓa buɗe Moodle, shafin intanet da makaranta ke ɗora darussa a kai, a waya ba. Shafin yana nan tun kafin a ɗauke ni aiki, amma amfanin da nake yi da shi bai wuce in ɗora tsarin kwas a makon farko in rufe, sai kuma wani zangon. Ɗalibai suna zuwa gabana sau biyu a mako, ina ganin fuskokinsu, ina gane wanda ya fahimta da wanda na bari a baya. Me zan nema a shafi? Sai 2020 ta zo. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ba a jima ba aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai da laburare da ɗakin kwamfutoci, aka ce kowa ya koma gida, karatu zai ci gaba ta intanet. Kwas ɗin da nake ɗauka shi ne gabatarwar ilimin ƙididdiga na 'yan aji ɗaya, ɗalibai 84 a wannan zangon. Duk abin da zan faɗa a kan manhajar Moodle ta waya daga wannan ajin na samo shi, da wanda ya biyo bayansa.

Ga mai gaggawa: ina ba kowane malami shawarar ya yi amfani da ita, kuma babban dalilina ɗaya ne. Ɗalibi yana iya karatu da ita bayan ya kashe data.

Ba da ita muka fara ba. Kamar sauran duniya, darasin bidiyo na kai tsaye muka rufta wa. Kamfanin Zoom kaɗai ya ce masu shiga taro a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Jami'armu wata manhajar daban ta zaɓa, amma tunanin ɗaya ne: a ɗauko aji yadda yake, ƙarfe goma na safiyar Talata, a juye shi cikin waya. A ranar farko har daɗi na ji. Sunaye suna ta shigowa, ana gaisawa, ana tambayar lafiyar mutanen gida.

Kafin mako na uku na ga abin da shekara shida a cikin aji ba su nuna mini ba. A harabar jami'a ɗan mai hali da ɗan marar hali benci ɗaya suke zama, fitila ɗaya ke haska musu, laburare ɗaya suke shiga, intanet ɗin makaranta bai san na wane gida ba ne. Bambancin yana nan, amma makaranta ta lulluɓe shi. Da kowa ya koma gidansu sai lulluɓin ya yaye. Akwai waɗanda suke kunna kamara suna zaune a tebur, ƙofa a rufe, littattafai a bayansu. Akwai waɗanda ban sake ganin fuskarsu ba, suna kawai nake gani, ya bayyana ya ɓace. Wani yaro na ƙirga masa, sau bakwai ya shigo cikin darasi ɗaya na minti hamsin. Wata kuma na jefa mata tambaya, da ta buɗe murya muka ji kukan jariri da maganar mutane kamar biyar a ɗaki ɗaya, ta ba da amsa daidai cikin sauri ta rufe, daga ranar ba ta ƙara yarda ta yi magana ba. Masu halarta suka ragu har suka gaza rabin aji. A zuciyata na zarge su da lalaci, kuma har yau ina jin nauyin wannan zargin.

Saƙon wata ɗaliba ne ya farkar da ni. Ta rubuto: "Malama, ki yi haƙuri, ba ƙin zuwa nake yi ba. Darasi ɗaya yana cinye datar da nake yin mako guda da ita." Sai na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata in yi tun ranar farko. Idan bidiyo yana tafiya a kan megabit 1 a kowace daƙiƙa, wanda ba wani gudu ba ne, awa ɗaya megabayit 450 ke nan. Ɗalibin da ke da awa 15 na lakca a mako yana buƙatar kusan gigabayit 7, kafin ya buɗe littafi ko ya aika jinga. Murya zalla kuwa, idan aka naɗe ta a kan kilobit 32, awa ɗaya ba ta kai megabayit 15 ba. Ninki talatin ke tsakani. Rubutu kuma ba a ma maganarsa. Mun zaɓi hanyar da ta fi kowacce tsada, muka ɗora ta a kan kowa, sannan muka riƙa ɗaukar sunan wanda bai zo ba.

A watan Afrilun wannan shekarar hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta fitar da alƙaluman cewa cikin ɗaliban duniya da aka rufe wa makarantu, daga firamare zuwa sama, kimanin miliyan 826 ba su da kwamfuta a gida, wato rabinsu, miliyan 706 kuma ba su da intanet a gida. Bankin Duniya ya ce ɗaliban manyan makarantu sama da miliyan 220 rufewar ta shafa. Na karanta waɗannan a lokacin, na girgiza kai, amma ban haɗa su da sunayen da ke ɓacewa a gabana ba. A tunanina wanda ya kai jami'a ya riga ya tsallake wannan siraɗin.

Wanda ya nuna mini manhajar ɗalibina ne, ba ma'aikatan fasaha ba. Inda iyayensa suke babu sabis mai ƙarfi, sai ya yi tafiya mai ɗan nisa a ƙafa zuwa wani tudu. Ya rubuto mini: "Malama, don Allah in zai yiwu ki riƙa ɗora komai na mako kafin daren Lahadi. Ranar Litinin nake fita in sauke, ranar Alhamis in koma in aika abin da na yi." Na tambaye shi yadda yake yi, ya turo mini hotunan fuskar wayarsa ɗaya bayan ɗaya.

Ga yadda abin yake. Moodle tsari ne na kyauta, buɗaɗɗe, kowace makaranta tana kafa nata a kan sabarta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin. Manhajar waya kuma ana sauke ta kyauta a Android ko iPhone, a rubuta adireshin shafin makaranta, a shiga da suna da kalmar sirri. A wurin sauke kayan kwas, kowane sashe yana da ɗan hoton gajimare mai kibiya a gefensa. In aka taɓa shi, kayan da malami ya ɗora a cikin sashen za su sauka cikin waya, kuma in abin yana da nauyi sai ta fara faɗa maka megabayit nawa ne, ta jira amincewarka. Wannan 'yar tambayar ba ƙaramin mutunci ba ce ga wanda yake ƙirga datarsa. Daga nan sai ka kashe data. Kana iya karanta darasi, ka saurari murya, ka rubuta tambaya a zauren tattaunawa na kwas, ka haɗa jinga ka danna aikawa. Manhajar tana ajiye su, in wayar ta samu intanet kuma manhajar tana aiki, ta miƙa su da kanta. Akwai wurin da za ka ce mata kada ta yi wannan aikin sai a kan Wi-Fi. Tana kuma tuna maka ranar da wa'adin jinga zai cika ko da babu sabis, matuƙar ta riga ta ɗauko jadawalin.

Na gwada da kaina kafin in yarda. Na shiga da asusun gwaji, na sauke sashe ɗaya, na saka wayar a yanayin jirgin sama, na rubuta tambaya, na ɗauki hoton wata takarda na haɗa a matsayin jinga. Bayan awa biyu na kunna data, na duba ta kwamfuta, ga su nan sun iso. A wannan daren na rushe tsarin kwas ɗin gaba ɗaya.

Sabon tsarin ba shi da wani ƙawa. Kowane mako ina rubuta bayanin darasi kai tsaye a cikin shafin, ba a fayil mai nauyi ba. Ina naɗar murya uku, kowacce minti goma zuwa sha biyu, ina cewa ku duba misali na biyu, ku ga inda na raba da adadin mutanen. Ina warware misalai da hannu in ɗauki hotonsu in rage musu nauyi. Sai jinga ɗaya, wadda ake yi a takarda da biro a ɗauki hoto. Na yi wa kaina doka cewa kayan mako ɗaya ba za su haura megabayit 20 ba, kuma kafin daren Lahadi suna kan shafi. Darasin bidiyo ban soke shi ba, na mayar da shi na rabin awa sau ɗaya a mako, na tambaya da amsa, ba dole, ba ɗaukar suna, kuma duk abin da aka tambaya ina rubuta shi a zaure don wanda bai samu zuwa ba. A mako na biyu da wannan canjin jinga 70 da ɗoriya suka shigo. Mutanen da na ɗauka sun watsar da karatu ashe suna nan, ƙofar da za su iya shiga ce babu.

Daga baya na karanta tarihin wanda ya ƙirƙiro Moodle, Martin Dougiamas, sai abin ya ƙara kwanta mini. A cikin hamadar Yammacin Ostareliya ya tashi, nesa da kowace makaranta, karatunsa na farko ta rediyo ya yi da makarantar da ke koyar da 'ya'yan mazauna daji daga garin Kalgoorlie, takardu kuma jirgin sama ke kawowa lokaci-lokaci. Ya fitar da Moodle na farko a watan Agustan 2002. Manhajar waya ta zo ne shekaru bayan haka. Amma a ganina wanda ya taɓa zama ɗalibin da ke can ƙarshen layi ba zai gina abu yana ɗauka cewa kowa na kusa ba.

Inda na fi yin kuskure shi ne gwaji, kuma kuskuren nawa ne. Gwajin farko na saka masa minti 30, ya buɗe ƙarfe goma ya rufe goma da rabi, don in toshe satar amsa. Kafin azahar saƙonni sun cika mini waya. Wannan sabis ya ɗauke masa a tambaya ta huɗu. Wannan batirinsa ya mutu don kwana biyu babu wuta. Wata kuma a daidai wannan lokacin wayar ba ta hannunta. Da na jera makin, sai na ga sunayen da ke sama su ne masu kunna kamara a ɗaki mai rufaffiyar ƙofa, kusan ba tare da togiya ba. Ƙarfin sabis ɗin gidajensu na auna, na rubuta shi a matsayin makin ƙididdiga. Na soke gwajin.

Moodle yana da maganin wannan, sai dai malami ne zai je ya kunna shi a cikin saitin gwajin: akwai zaɓin a bari a yi gwaji a manhajar waya ba tare da intanet ba. Yana da sharuɗɗa. Ba za a saka masa iyakar mintuna ba, kuma ɗalibi ba zai ga sakamakon kowace tambaya nan take ba sai bayan ya miƙa duka. Da na kawo wannan a taron sashe, wani abokin aikina da nake girmamawa ya ce, "Malama, ai kin buɗe musu ƙofar satar amsa ke nan." Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma ba zan ce ba a yi ba. Abin da na yi shi ne na koma ga wani nau'in tambaya da ke cikin Moodle, wanda malami ke rubuta tambaya ɗaya da ƙa'idar lissafinta, tsarin kuma ya riƙa canza lambobin. Tambayar matsakaici ɗaya ce, amma lambobin wannan daban da na wancan. Na haɗa da ɗibar tambayoyi barkatai daga rumbun da na tara, na kuma ce kowa ya turo hoton yadda ya warware biyu daga ciki da rubutun hannunsa. Wanda zai kwafa dole ya fahimci hanyar kafin ya saka nasa lambobin, kuma in ya fahimci hanyar ai abin da nake nema ke nan. Na ba da kwana uku. Na gwammace mutum biyar su samu makin da bai kamace su ba, da mutum talatin su rasa wanda ya kamace su saboda inda aka haife su.

Akwai wani ɓangare na Moodle da ya fi komai taɓa ni, shi ne kundin da ke rubuta wanda ya buɗe me, da ƙarfe nawa. Wata rana na zauna na karanta shi kamar yadda nake karanta kowace ƙididdiga. Ajina ya rabu biyu a fili. Wasu suna shiga da safe, su sake shiga da rana, sau da yawa a wuni, ta kwamfuta. Wasu kuma sau ɗaya ko biyu a mako, ta waya, minti kaɗan, kuma da yawansu tsakanin ƙarfe ɗaya da huɗu na dare. Na rubuta wa wasu daga cikin 'yan daren ina tambayar lafiya. Ɗaya ya ce wayar ta yayansa ce, da ita yake neman abin da gidan ke ci, sai ya yi barci take zama tasa. Ɗaya ta ce tun da ta dawo gida aikin gida da rainon ƙanne suka koma kanta, don a ganin mutanen gida wanda ke zaune yana kallon waya ba karatu yake yi ba. 'Yan'uwanta maza kuwa ba wanda ya ce musu haka. Wani aikin ƙarfi ya kama da rana saboda kullen ya tsayar da sana'ar mahaifinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ina daga nesa ina yanke hukunci da jerin sunaye.

Ina jan kunnen duk malamin da zai buɗe wannan kundin. Wanda yake karatu da data a kashe ba zai bayyana ba sai wayarsa ta haɗu da intanet, don haka shirun kwana huɗu ba ya nufin bai taɓa littafi ba. Kuma leƙe ne cikin rayuwar mutane, har lokacin barcinsu kake gani. A yi amfani da shi don a san wa za a tambaya ko lafiya, kada a mayar da shi sandar rage maki.

Sai abubuwan da suka fi ƙarfinta, kuma suna da yawa.

Abin da malami ya zuba mata shi take ba ɗalibi. In aka manna adireshin bidiyon da ke YouTube ko wani shafi na waje, ba zai sauka ba, sai da intanet za a kalle shi. In aka ɗora littafin da aka ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya har ya kai megabayit 60, haka ɗalibi zai biya shi. Ɗalibaina sun gaya mini cewa a wasu kwasa-kwasan naɗin lakcar awa biyu ake ɗorawa gaba ɗaya, a ce an yi adalci tunda kowa na iya kallo daga baya. Wata ta ce sai da ta goge hotunan bikin yayarta kafin wayarta ta karɓi lakca ɗaya. Manhajar tana nuna maka wurin da kowane kwas ya cinye, tana barin ka goge abin da ka gama da shi, amma ba za ta ƙara wa ƙaramar waya ciki ba.

Haka kuma ƙarfinta yana rataye da sabar makaranta. Sau biyu tamu ta durƙushe a daren cikar wa'adi, lokacin da ɗaruruwan ɗalibai daga sassa daban-daban suke aikawa a tare. Wannan ba laifin manhajar ba ne, sabar an saye ta ne don zamanin da mutane kaɗan ke leƙa shafin. Amma wa abin ya fi cutarwa? Mai intanet a gida ya jira awa ɗaya ya sake gwadawa. Yaron tudu kuwa ya yi tafiyarsa a banza, sai wata Litinin. Tun daga nan na daina saka wa'adi na minti, na koyi amfani da wurin da Moodle ke ba malami damar ƙara wa mutum ɗaya lokaci ba tare da sauran aji sun sani ba. Wannan sirrin yana da daraja. Ba kowa ke son a san cewa shi ne marar hali ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wanda babu manhajar da za ta gyara. Rabin amfanin kwas ɗina shi ne ɗalibi ya iya zuba alƙaluma ɗari biyu a jadawalin kwamfuta, ya ja su, ya fitar da zane, ya ga siffarsu. A da a ɗakin kwamfutocin makaranta muke yin wannan, kowa da kujerarsa. A fuskar waya mai inci biyar ko shida, da babban yatsa, azaba ce. Na rage alƙaluman zuwa ashirin don a iya yi da hannu, na mayar da aikin kwamfuta na ganin dama. Kowa ya samu hanyar cin jarrabawa. Amma masu kwamfuta a gida sun yi na ganin damar, sun fita da sana'a a hannu, sauran kuma sun fita da maki kawai. A takardar sakamako ba za ka ga bambancin ba. Na gan shi da suka shiga aji biyu, lokacin da aka dawo, wasu suna gudu a kan jadawali wasu suna neman inda ake danna linzamin kwamfuta.

Sai kaɗaici. Zauren tattaunawa yana aiki, amma a hankali. Wanda ya maƙale a tambaya ranar Talata, ya rubuta, ta tafi ranar Alhamis, amsata ta iso masa Litinin. Kwana shida a kan abin da a aji zai ɗaga hannu a gama cikin minti ɗaya. Masu wadataccen intanet kuwa sun kafa ƙungiyoyinsu na bita ta bidiyo, suna haɗuwa kowane dare. Duk da haka zauren ya ba ni wani abin da ban zata ba. Yarinyar nan mai kukan jariri a bayanta, wadda ta daina magana, ita ta fi kowa rubuta tambayoyi masu zurfi. Ita ce ta tambaye ni me ya sa ake rabawa da adadi ban da ɗaya wajen auna bazuwar samfuri, tambayar da a shekara shida ba wanda ya taɓa yi mini a aji. A rubuce ba wanda ke jin ɗakinsu.

Game da kamanninta ba ni da dogon bayani. Ba ta da ado, jerin sassa ne da rubutu, kuma a wayoyin ɗalibaina masu tsufa ta buɗe. Shigar farko ce ke buƙatar intanet mai ɗan ƙarfi da adireshin shafin daidai, kuma dole masu kula da shafin makaranta su kunna damar shiga ta waya tukuna. A nan muka yi asarar mako biyu da wasu ɗalibai, masu manta kalmar sirri da waɗanda adireshin imel ɗin da aka yi musu rajista da shi ya daɗe da mutuwa, ga ofis a rufe. A ƙarshen Maris na 2020 wani malamin jami'a a Amurka, Charles Hodges, da abokan aikinsa sun rubuta wata maƙala da ta yaɗu a tsakanin malaman jami'a, inda suka bambanta koyarwar gaggawa daga nesa da karatun intanet na ainihi, suka ce shirya kwas ɗaya na intanet yadda ya kamata yakan ci wata shida zuwa tara. Mu kwana goma aka ba mu. Da yawan abin da aka ɗora wa na'urori laifinsa, wannan gaggawar ce ta haife shi.

A ƙarshen zango yaron tudu ya ci kwas ɗin da maki mai kyau, bai halarci darasin bidiyo ko sau ɗaya ba. Bayan an buɗe makaranta ya zo ofishina ya gaishe ni, sai da ya faɗi sunansa na gane shi, don rubutun hannunsa na sani, ban riƙe fuskarsa ba. Amma cikin 84 akwai tara da ba su kai ƙarshe ba. Biyu sun dawo shekarar da ta biyo baya. Akwai wata da na yi ta kiran lambar da ke fayil ɗinta har na haddace ta, kullum a kashe. Abu na ƙarshe da kundin ya rubuta a kanta shi ne ta sauke darasin mako na biyar da ƙarfe uku saura na dare. Ban san ko ta karanta shi ba.

Yanzu an daɗe da komawa aji, amma ban koma yadda nake ba. Kayan kowane mako suna kan shafi kafin daren Lahadi, ba sa haura megabayit 20. A darasin farko na kowane zango ba na koyar da komai sai kowa ya sauke manhajar da intanet ɗin makaranta, ya shiga, ya taɓa gajimaren, ya kashe data ya ga darasin yana nan. Sannan in raba ƙananan takardu, ba a rubuta suna, tambaya uku: kana da kwamfuta a gida, akwai sabis a inda kake kwana, wayar da ke hannunka taka ce kai kaɗai? A zangon da ya wuce takardu 17 ne suka amsa ta ukun da a'a.